Zauren Masu Karatu: Tsuntsaye 'Yan Ci-rani a Sararin Saudiyya

Wasiƙun wannan karo daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka fito, kuma kusan duk a kan baƙin tsuntsaye ne, masu ratsa ƙasar sau biyu a shekara. Mun miƙa su ga masu amsa mana tambayoyin wannan fanni. Wasu mun taƙaita su, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda. A ƙarshen watan Maris, da hantsi, na ji wani irin kuka daga sama kamar ana gurza ƙarfe. Da na ɗaga kai sai ga garken manyan tsuntsaye sun jeru kamar bakin kibiya, sun nufi arewa, wuya a miƙe, ƙafa a miƙe. Gauraka ce? In ita ce, me ya kawo ta nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Ka kusa, amma ba ita ba ce, 'yar'uwarta ce. Gaurakar da ka sani a fadamun gida, mai tukku ruwan zinariya, ba ta barin Afirka. Wadda ka gani ita Larabawa ke kira rahu. Jikinta ruwan toka ne, gaban wuyanta baƙi har ƙirji, idonta ja, da wani farin gashi da ya zubo daga bayan ido kamar jelar rawani. Tana ƙyanƙyasa a filayen kudancin Rasha da Kazakistan, ta yi hunturu a Sudan wajen kogunan Nilu, idan Maris ya yi nisa ta tsallako Bahar Maliya ta bi ta kanku zuwa gida. A ƙarshen Agusta da cikin Satumba kuma ta sake biyowa ta yi kudu.

Abubuwan da ka lura da su su ne daidai abin lura. Zalɓe idan ya tashi naɗe wuyansa yake yi, saboda haka ba shi ba ne. Dangin shamuwa suna miƙe wuya kamar yadda ka gani, amma ba sa kuka a sama, shiru suke wucewa. Wuya a miƙe ga kuma kuka mai gurzawa, to rahu ce ko babbar 'yar'uwarta kurki.

Tunda wasu mutum uku sun tambayi lokaci, bari mu haɗa a nan. Ƙaurar komawa arewa tana farawa daga Maris zuwa tsakiyar Mayu, kuma Afrilu ne ganiyarta. Ta gangarowa kudu daga ƙarshen Agusta ne zuwa Nuwamba. Ƙananan tsuntsaye, irin waɗanda mutanen nan ke kira dukkhal, da dare suke tafiya, gari na wayewa su faɗa duk inda suka ga kore: lambu, gefen gona, bishiyoyin maƙabarta, inda ruwan famfo ke ɗiga. Shi ya sa wanda ya fita bayan sallar asuba yake ganin abin da wanda ya fita ƙarfe tara ba zai gani ba. Manyan kuwa, gaggafa da shirwa da makamantansu, sai rana ta gasa ƙasa iska mai zafi ta fara hawa sama, sannan su hau ta suna kewaye ba tare da kaɗa fiffike ba. Irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan teku, shi ya sa suke gudun ruwa mai faɗi. Da kaka sai su bi jerin duwatsun Hijaz da Asir su gangara har mashigin tekun Babul Mandab, inda tsakanin Yaman da Jibuti bai kai kilomita 30 ba. A kakar 1987 an ƙirga sama da 240,000 da suka tsallaka ta wurin. Kai da kake Jidda, hanya mafi sauƙi ita ce ka hau Hada ta wajen Ɗa'if cikin Oktoba, ka sami bakin dutse ka zauna daga ƙarfe tara na safe.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Madina, kuɗin hannuna kaɗan ne. Da kyamara zan fara ko da madubin hangen nesa?

Amsa: Da madubi, ɗan'uwa, wato darbil kamar yadda za ka ji ana kiransa a kasuwa. Wanda bai iya gano tsuntsu da ido ba, kyamara ba za ta gano masa ba.

Nemi wanda aka rubuta wa 8x42. Lamba ta farko ninkin kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai kanti zai nuna maka 20x50 ya ce ya fi ƙarfi. Kada ka karɓa. Duk abin da ya wuce ninki 10, rawar hannunka ma ninka ta yake yi, filin da kake gani kuma ya tsuke, kafin ka laluɓo reshen tsuntsun ya tashi. Idan na hannu za ka saya, yi masa gwaji biyu. Kalli sandar wuta mai nisa da ido biyu: in ta rabu biyu, ko ka ji idonka yana ja, madubin ya taɓa faɗuwa, bar shi. Sannan haska fitilar waya ta cikin gilashin gaba: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, kuma ta yi yawa a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku.

Akwai wani saiti da mutane da yawa ba su san da shi ba, su yi ta fama da ciwon kai. Idanun mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya ƙafar tsakiya har rubutun wani allo mai nisa ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, kada ka sake taɓa ƙafar tsakiya, ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito tas. Shi ke nan, sau ɗaya ake yi. Mai sa tabarau ya danne robar bakin ido ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗago ta.

Kafin kuɗin kyamara su taru, ɗora idon wayarka a kan idon darbil, ka ninka hoton sau 2 don baƙin zoben gefe ya ɓace, ka sa mai ƙidayar daƙiƙa 3 don kada taɓawar yatsa ta girgiza shi. Hoton ba zai yi kyan rataye a bango ba, amma ya isa shaida. Idan sun taru, kyamarori masu gilashi a manne irin Nikon P950 suna kawo nesa kusa da kuɗi kaɗan, sai dai suna da rauni idan haske ya yi ƙasa, kuma bin tsuntsu a sama da su aiki ne. Manhajar Merlin kyauta ce, tana taimakawa wajen gane suna, amma ka ɗauki maganarta a matsayin shawara, don takan yi kuskure a kan ƙananan tsuntsaye masu kama da juna.

Tambaya: Malamai, na kashe kuɗi na sayi dogon gilashin kyamara mai milimita 150 zuwa 600. Ina zuwa Ha'ir a kudancin Riyad duk Juma'a. Amma hotunana duk a dishe suke, kamar an shafa musu man shanu. An sayar mini da jabu ne?

Amsa: Da wuya. Kafin ka koma wa mai kanti da faɗa, Alhaji, yi wannan gwaji: da daddare a cikin ɗaki, manna takardar jarida a bango, ɗora kyamara a kan tebur daga nisan mita 6 ko 7, sa mai ƙidayar daƙiƙa, ɗauka. In baƙaƙen sun fito tas, gilashinka lafiya lau yake, matsalar a fili take. Kuma a ƙasar nan mun san mai laifin tun kafin a kira shi: kawalwalniya.

Wannan rawar da kake gani a kan kwalta da rana kamar ruwa, tana nan a kan yashi da duwatsu tun kafin idonka ya fara ganinta. Iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa, haske yana karkacewa a tsakaninsu, dogon gilashi kuma ya kwaso duk wannan rawar ya ninka ta. Babu saitin da ke gyara ta, babu manhajar da ke wanke ta. Alamarta ita ce babu wuri ko ɗaya a hoton da ya fito sosai, gaba da baya duk a narke. Maganinta uku ne: lokaci, kusanci, da tsayi. Ka yi aikinka cikin awa biyu na farko bayan fitowar rana. Daga Afrilu zuwa sama, wani lokaci awa ɗaya kawai za ka samu. Ka rage iskar da ke tsakaninka da tsuntsu, domin mita 15 da mita 50 ba ɗaya ba ne. Tsuntsun da ke kan reshe ko a sama kuma ya fi wanda ke ƙasa a kan yashi mai zafi fitowa.

Akwai kuma kawalwalniyar da mutum ke haɗa wa kansa. Kana cikin mota, na'urar sanyi tana aiki, ka sauke gilashin taga ka zura kyamara. Sanyin ciki yana fita, zafin waje yana shiga, daidai bakin gilashinka suke haɗuwa. Ga zafin inji yana tasowa daga ƙarƙashin mota, ga kuma karkarwar injin tana bi ta ƙofa ta shiga kyamara. Kashe na'urar sanyi tun da sauran tafiya, buɗe tagogi duka, in ka tsaya kashe inji, kuma kada ka ɗauki hoto ta saman murfin inji.

Mota dai ita ce maɓoya mafi kyau, don tsuntsu ya saba da ita, bai saba da mutum a tsaye ba. Abin da take buƙata shi ne matashi. A ɗinka maka 'yar jaka ta yadi mai kauri, a zuba shinkafa ko wake kilo 2 zuwa 3, kada a cika ta tam, ka ɗora a bakin taga, gilashin ya kwanta a kai. Ya fi sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku amfani a cikin mota nesa ba kusa ba.

Sai saurin ƙiftawar kyamara. A milimita 600, tsuntsu yana zaune, kada ka sauka ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa in da hannu kake riƙewa. Mai tashi kuwa 1/2000 zuwa 1/3200. Irin gilashinka ya fi kaifi idan ka ɗan tsuke ƙofar haske zuwa f/8 maimakon barinta a wangale. ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ka bar mata ta zaɓa, ka yi mata iyaka a 3200 ko 6400. Mutane suna tsoron ISO mai yawa saboda ɗan yashi-yashin da yake sa wa hoto, su manta cewa hoto mai yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Saitin ido, wato yadda kyamara ke kama abu ya fito tas, ka sa shi a mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubuta wa AF-C, Canon kuma Servo. In tsuntsu yana cikin rassa, koma ɗigo ɗaya ka ɗora a idonsa, in ba haka ba kyamara za ta kama ganyen da ke gabansa ta bar shi a dishe.

Rana ta kasance a bayanka. In inuwarka tana nuna tsuntsun, ka tsaya daidai. In iska ma a bayanka take, ka yi sa'a biyu, don tsuntsu iska yake fuskanta idan zai tashi, wato kai zai fuskanta.

Tambaya: Ni a Jizan nake. Da na fito da kyamara daga mota sai gilashin ya yi fari fat, in goge ya dawo.

Amsa: Abin da ke faruwa da kwalbar ruwan sanyi ne yake faruwa da kyamararka. Ta yi sanyi a ɗaki ko a mota, ta fito cikin iskar teku mai laima, raɓa ta sauka a kanta. Gogewa ba ta magani sai gilashin ya ɗumama, kuma na cikin ma yana yin raɓar, wanda hannunka ba ya kaiwa. Sa kyamara a jakarta ka zuge, ka ajiye a but ɗin mota tun daga gida, ko ka kashe na'urar sanyi minti 20 kafin ka isa. In ta riga ta yi, kada ka cire gilashin daga jikin kyamara, ka bar ta a inuwa ta sha iska. A gida ajiye ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Laimar da ta kwana a ciki ita ke haifar da fumfuna. Ƙura kuma a hure ta da 'yar robar hura iska kafin a sa ƙyalle, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta karce gilashi.

Tunda bakin teku kake zuwa, ga gargaɗi: sabka, wato filin gishirin nan da ke shimfiɗe kamar siminti, samansa ne kawai ya bushe, ƙasansa taɓo ne. Kada tayarka ta bar sawun da wasu motoci suka bi.

Tambaya: Ina aiki a wata gonar ciyawa a Tabuk, irin mai ban-ruwa da ke zagayawa. Tun Nuwamba wasu tsuntsaye kamar ashirin suke sauka a inda aka yi huɗa. Sun yi kama da zakaran ƙeƙuwa amma ba su da baƙin ƙirji, kuma ba su da surutu. Wani abokin aikina ya ce in sa hotonsu da sunan gonar a TikTok. Me kuka gani?

Amsa: Dakata tukuna, ɗan'uwa. Dangin zakaran ƙeƙuwa uku za ka iya gani a irin gonarku, kuma ɗaya daga cikinsu ba ƙaramin baƙo ba ne.

Zakaran ƙeƙuwa na gida ka san shi: baƙar hula, farin kumatu, baƙin ƙirji, ga kwakwazo. Na biyu mai farar jela ne: ƙafafunsa dogaye ne rawaya, kansa babu zane, jelarsa fara sol. Na uku shi muke zato. Duba ƙafa, baƙa ce? Duba kai: akwai farar gira mai faɗi da ta taso daga goshi ta bi saman ido, ta haɗu da 'yar'uwarta a ƙeya kamar bakin almakashi, da duhun hula a sama? Idan ya tashi, bakin fiffiken baƙi ne, bayansa fari, jela fara da baƙin tambari kusa da ƙarshe? In amsar duka e ce, to kana zaune da tsuntsun da Larabawa ke kira ƙaɗƙaɗ ijtima'i, masana kuma Vanellus gregarius. A Kazakistan yake ƙyanƙyasa, yana hunturu a Sudan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, wasu kuma suna tsayawa a gonakin Tabuk da Haradh. Tun 2004 yake cikin rukunin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa a duniya, kuma harbi a kan hanyar ƙaura yana cikin manyan abubuwan da suka rage shi.

Saboda haka sunan gona a TikTok, a'a. Ba masu kallo kaɗai ke bin irin wannan labari ba, masu bindiga ma suna bi, kuma garken ashirin ba ya ɗaukar musu minti biyar. Ka kuma sani hoton waya yakan ɗauki adireshin wurin a ɓoye a cikinsa. Kashe wannan a saitin kyamara kafin ka tura wa kowa.

Abin da zai yi amfani shi ne ka rubuta rana, lokaci, adadinsu, da irin filin da suke: huɗa ce, ciyawar da aka yanke ce, ko wadda ake ba ruwa. Ƙirga su sau uku ka ɗauki adadin da ya maimaitu. Ɗauki hoto daga cikin mota ko tarakta, kada ka taka zuwa wurinsu; in ka ga duk sun daina kiwo sun miƙe wuya, ka matso da yawa, ja baya. Duba ƙafafunsu ko akwai mai zobba masu launi, don masu bincike sun sa wa wasu a Kazakistan. In akwai, rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban, ta dama daban. Sai ka kai labarin ga Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, ko ka shigar a eBird, dandalin da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani. Kuma ka fara gaya wa mai gonar, don ƙofarsa ce za a ƙwanƙwasa.

Tambaya: Na wuce wani juji a hanyar Shaƙra cikin hunturu na ga gaggafa ba iyaka, wasu a ƙasa wasu a sama. Na ɗauka, duk suka fito baƙi ƙirin kamar an yanka su daga kwali. Kuma wace iri ce?

Amsa: Ka faɗa kan wurin da masana suka san da zamansa. A Nuwamban 2019 an ƙirga kimanin 6,700 na gaggafar fili, wadda ake kira uƙabus suhub, a juji biyu na yankin Ushaiƙir da Shaƙra, inda ake zubar da ragowar yanka da matattun dabbobi. Daga Kazakistan da Rasha take zuwa, kuma tun 2015 aka sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda ya ga dubbai a wuri ɗaya zai ce ai suna da yawa. Ba yawa ba ne, taruwa ce.

Baƙin hoto laifin sararin sama ne. Kyamara ta ga haske ya cika fili, sai ta rage, tsuntsun ya tafi cikin duhu. Nemo maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara zuwa +1, in sama ta yi fari da ƙura har +2. Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu, kamar balbela, akasin haka ake yi masa, a rage zuwa -1, in ba haka ba gashinsa ya ƙone ya zama farin fenti. Da sassafe ko la'asar sakaliya rana tana shiga ƙarƙashin fiffike. Da tsakar rana kuwa daga sama take dukansa, kai kuma inuwa kake ɗauka.

Wajen ganewa, fara da jela. Mai jela a rabe kamar ta kifi shirwa ce, kuma tana da yawa a juji. Matashiyar gaggafar fili tana da farin layi mai faɗi da ya ratsa tsakiyar ƙarƙashin fiffike daga jiki zuwa baki. In ka ga wannan, an gama magana. Manya sun yi duhu, layin ya ɓace, sai a koma ga baki: rawayar gefen bakinta tana tafiya har daidai ƙarshen ido ta baya, alhali ta gaggafa mai ɗigo-ɗigo a tsakiyar ido take tsayawa. Wadda kuma ka ga ƙirjinta ruwan ƙasa mai haske da zane-zane a tsaye, matashiyar gaggafar sarki ce. Wannan ya nuna maka hoton da ya kamata ka nema: ɗaya na ƙarƙashin fiffike a buɗe, ɗaya na kai daga gefe.

In ka ga mai alamar roba a fiffike da lamba ko harafi, ɗauke ta ko da hoton bai yi kyau ba. In kuma ka tarar da matattu a gindin sandar lantarki, wutar ce ta kashe su, domin fiffikensu yana haɗa waya biyu idan za su sauka. Ɗauki hoton gawar da lambar sandar ka kai rahoto, kada ka taɓa da hannu.

Tambaya: Ni uwa ce a Makka, wajen Shari' Mansur. Da asuba muka tsinci wani ɗan tsuntsu a soro, ya kasa tashi, baki a buɗe. Yara sun nace a sa shi a keji. Na ba shi madara da burodi bai ci ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kuma gara da bai ci ba. Cikin tsuntsu ba ya narkar da madara, yawancin waɗannan baƙin kuma ƙwari suke ci, burodi ba abincinsu ba ne. Wannan ma shi ne amsar yara: a keji ba zai yi kwana uku ba.

Irin wannan tsuntsu, wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, kitse yake tarawa kafin ya taso, wani har ya kusa ninka nauyinsa, ya ƙone shi a kan hamada ko teku. Wanda ya faɗo soronki mai ya ƙare masa ne, ko fitilun gari sun ruɗe shi ya bugi gilashi. Ki sami kwali, ki huda masa ƙofofin iska, ki shimfiɗa tsumma marar zare, ki sa ruwa kaɗan a murfin kwalba, ki rufe. A ajiye a wuri mai duhu da shiru, ba a gaban na'urar sanyi ba, nesa da kyanwa. Kada a ɗura masa ruwa a baki: ƙofar numfashinsa a gindin harshe take, ɗigo biyu sun isa su shaƙe shi. In ana so ya sha, a taɓa gefen bakin da jiƙaƙƙen yatsa. Bayan awa biyu ko uku, in kin ji yana motsi da ƙarfi, a kai kwalin inda akwai bishiyoyi a buɗe, a ja baya. In tsattsewa ce mai dogon fiffike da gajerun ƙafafu, ita tashi daga ƙasa yana yi mata wuya: a ɗora ta a tafin hannu a ɗaga a fili, a jira ta tafi da kanta, kada a jefa ta sama. Wanda fiffikensa ya saki, ko kyanwa ta riga ta kama, sai likitan dabbobi, don ƙwayoyin cutar bakin kyanwa suna kashe tsuntsu ko raunin bai fito ba.

Ki kuma tuna wa yaran inda suke. A cikin Harami kuke, inda hadisin ranar buɗe Makka ya hana ko da korar abin farauta, balle tsare shi. Ki ba su labarin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.

Tambaya: Na ga ana kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito fili. In yi?

Amsa: Ga baƙo mai wucewa, kar ka yi. Awannin da yake da su na ci ne da hutawa, kai kuma ka sa shi neman abokin faɗan da babu shi. Ban da haka, na'urar kiran tsuntsu kayan mafarauta ce da doka ta hana, ba ka son jami'i ya same ka a bakin ruwa da lasifika kana bayani. Zauna kusa da inda ruwa ke ɗiga, jingina da wani abu don kada siffarka ta fito, ka yi minti 20 ba motsi. Za su zo da kansu.

Tambaya: Mu baƙi ne a ƙasar nan. Ba za a kama mutum ba in an gan shi da doguwar kyamara?

Amsa: Kallon tsuntsu ba laifi ba ne, amma tambayarka tana kan hanya. Igamarka, wato takardar izinin zama, ta kasance a aljihu kullum. Nisanci barikin soja, tashar jiragen ruwa, filin jirgi, matatar mai, tashar tace ruwan teku da gidajen sarauta, ko da tsuntsun duniya ne ya sauka a katangarsu. A Jizan da Najran kada ka kusanci iyaka. Bakin teku kuma akwai masu gadin gaɓa. In sun zo, sauke kyamara, yi sallama, nuna musu hotunan a allon kyamara. Littafin tsuntsaye na Larabci a kan kujerar mota yana gajarta bayani ƙwarai.

Mutane su ne babban haɗari. Ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba yana jawo tarar riyal 1,000 a dokar ladubban jama'a ta 2019, in kuma aka ɗauke shi a matsayin keta sirri, dokar laifukan intanet ta tanadi ɗauri har shekara 1 da tara har riyal 500,000. A lambun shaƙatawa inda iyalai ke zaune, juya musu baya, ko ka zo da asuba kafin su zo. Jirgi marar matuƙi sai da izinin hukumar sufurin sama, kuma yana tarwatsa garke, bar shi a gida. Gona sai da yardar mai ita, gandun da aka keɓe sai da takarda.

Farauta a nan sai da lasisi ta dandalin Fitri, a lokacin da aka buɗe, yawanci daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, kuma nau'o'i ƙididdigaggu. An hana ta a gaɓar teku har kilomita 20 zuwa cikin ƙasa. Wanda ka gani yana harbi a Afrilu, ko ya kafa raga, kada ka tunkare shi. Bar wurin, ka kira jami'an tsaron muhalli: 911 a yankunan Makka da Madina da Riyad da Gabas, 999 ko 996 a inda 911 ba ta aiki.

Tambaya: Jikana ya ce ya ga shamuwa a kan hasumiyar waya kusa da Sabya. Na ce masa shamuwa ta ƙasar Hausa ce, mai zuwa da damina. Wa ya yi gaskiya?

Amsa: Baba, wannan karon jika ya ci. Shamuwar da kuka sani ce, baƙa mai farin ciki, wadda ake cewa ta zo a fito da iri. Mafi yawansu suna sheƙa daga Senegal har Habasha lokacin damina, su tsallaka kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke, amma akwai kaɗan da ke sheƙa a Tihama, wato filin gaɓar Bahar Maliya, ɓangaren Yaman da na Jizan. Sunanta na masana ma, Ciconia abdimii, daga sunan wani gwamnan zamanin Turkawa a arewacin Sudan aka ɗauko shi.

Don a tabbatar, ya sake duba ta da kyau, saboda akwai wata baƙar mai kama da ita da ke zuwa daga Turai da Asiya da hunturu. Waccan ta fi girma, bakinta da ƙafafunta ja ne jawur, bayanta baƙi har jela. Shamuwarku baki da ƙafa ruwan toka ne mai ɗan kore, gwiwa da yatsu ne kawai ja-ja, fuskarta tana yin shuɗi lokacin sheƙa, kuma idan ta tashi za a ga farin baya a saman jela. Ya tsaya a tsallaken titi ya ɗauko mana hotonta tana tashi, da kwanan wata.